Rigunan Liyafa Masu Gashin Tsuntsu: Neman Na Da da Ɗinka Irinsu

Rigar liyafar dare mai adon gashin tsuntsu ta yi tashe a Turai da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, ta sake dawowa a shekarun 1960. Gashi iri uku aka fi amfani da su: na jimina mai tsawo da laushi, da tattausan gashin babba-da-jaka da ake yi wa wuya da hannun riga baki da shi, sai na farar balbela wanda ya fi zuwa a adon kai.

Yawancin gashin jimina daga gonakin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu yake fitowa. Kafin 1914 shi ne na huɗu cikin kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. Amma wanda dillalan London suka fi yabawa shi ne wanda fatake ke ɗauka daga Kano su ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko tawaga ƙasar Hausa neman irin wannan jimina. Kasuwar gashin jimina ta rushe a 1914.

Samun tsohuwar riga lafiyayya abu ne mai wuya. Asu na cin gashin tsuntsu kamar yadda yake cin ulu, kuma alamarsa ɗan gari ne da ke taruwa a gindin akwati. Sau da yawa ma yadin ne ke riga gashin lalacewa, domin silikin wancan zamani ana jiƙa shi da gishirin kuza don ya yi nauyi, in ya tsufa sai ya dinga tsagewa da kansa. Saboda haka mai saye a gwanjo yakan fara duba hammata da kafaɗa, inda gumi da rataya suka fi yin ɓarna. Rigar da ake zargin akwai asu a jikinta ana naɗe ta a leda a sa a firiza na kwanaki. Ga kuma doka: Amurka ta kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918, Birtaniya ta hana shigo da gashin tsuntsayen daji a 1921 amma ta ƙyale na jimina, yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji kuma ta fara aiki a 1975. Riga mai gashin tsuntsun da aka kare tana iya maƙalewa a hannun kwastan, kome tsufanta.

Wannan ya sa da yawa suka koma ɗinka sabuwa a kan tsarin tsohuwa. Cikin fitattun irin waɗannan riguna akwai shuɗiyar rigar da Ginger Rogers ta yi rawa da ita a fim ɗin Top Hat na 1935, aikin Bernard Newman, wadda gashinta ya yi ta zuba a wurin ɗaukar fim. Yadin irin wannan riga a karkace ake yanka shi don ya bi jiki, kuma a nan wahalar take: yadi mai miƙewa ba ya ɗaukar gashin da inji ya jera a kan kirtani mai tauri, sai kalmasar ta yi ta tattarewa. Gwanin tela yakan tsage silin gashin daga ƙashinsa, ya haɗa 'yan kaɗan ya ɗaure, ya ɗinka su da allura daga ƙasan riga zuwa sama, kowane layi ya rufe gindin na ƙasansa. Turiri ke tayar da gashin da ya kwanta, a lanƙwasa bakinsa da dakusasshiyar wuƙa. Aiki ne mai cin rai, amma shi kaɗai ke ba riga wannan lilo da aka san na da da shi in mai ita ta juya.

Abin da ake sayarwa yau da sunan gashin babba-da-jaka galibi na talotalo ne da aka rina. Ƙwararrun masu sana'ar sun ragu ƙwarai. Cikin waɗanda suka saura a Paris akwai gidan Lemarié, da aka kafa a 1880, wanda kamfanin Chanel ya saya a 1996.