Masu Hayar Rumfa da Kujeru

A Kano, da Sha'aban ya kama, bukukuwa kan haɗe wa jama'a, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Lokacin ne ake sanin darajar masu hayar rumfa da kujeru. Wanda bai ba da kafin alƙalami da wuri ba, baƙinsa a rana za su yini.

Tun asuba yaransu ke sauke ƙarafa daga a-kori-kura. Su suka san inda inuwa za ta koma bayan azahar. In kuwa bikin ya faɗo a Agusta, sai sun ƙara wa tamfol igiya, sun danne ƙafafun rumfa da bulo saboda iskar hadari.

Abin haushi, wajen rabon shinkafa sau da yawa da su ake mantawa.