Idon bariki da yaƙin Kawsan

A tsakiyar watan Disamba na 1916 dakarun Kawsan suka shigo Agadas da bindigogin zamani da igwa wadda aka ƙwato daga hannun Italiyawa a Libiya, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Kaftin Sabatié da sojojinsa suka kasance a tsare cikin ganuwa har ranar 3 ga Maris 1917, sa'ad da rundunar Kanar Mourin ta iso daga Damagaram. Malaman tarihi na makarantunmu sun san wannan labari ciki da waje. Abin da ba a cika tambaya a aji ba shi ne: yaya aka yi mulkin da ya shafe shekaru fiye da talatin yana tara rahotanni kan Sanusiyya ya wayi gari maƙiyinsa na bakin ƙofa bai shirya ba?

Littafin da ya fi taimakona wajen wannan tambaya shi ne na Jean-Louis Triaud, La légende noire de la Sanûsiyya, wanda ya fito a Paris a 1995 cikin juzu'i biyu. Triaud ya bi diddigin yadda Faransawa suka ƙera wa kansu dodo daga wannan ɗarika tun kafin su haɗu da ita a fagen fama. Eugène Ricard, ƙaramin jakadansu a Bengazi, yana aika labaran firgita; Henri Duveyrier ya tattara irinsu cikin ɗan littafinsa na 1884, ya zana Sanusiyya tamkar yanar gizo-gizo mai zare a kowace rijiya ta Sahara. Hafsoshin da suka zo daga baya sun iso da wannan hoto a kansu. Da suka ci zawiyar Bir Alali ta Kanem a 1902, suka kuma ci Ain Galakka ta Borku a 1913, sun sami wasiƙun Larabci na gaske, amma sun karanta su da tabaron da suka zo da shi.

Nan ne ƙarfin littafin yake, kuma nan nake ganin ya kamata malami ya tsaya ya daɗe. Rahoton leƙen asiri amsa ce ga tambayar da kumandan ya yi. Kumandan kuwa yana tambayar mutum nawa ne a sansanin Gat, bindiga nawa a Murzuk, wa ke riƙe da Janet tun da ta kuɓuce musu a Maris 1916, raƙuma nawa aka gani a wace rijiya. Duk tambayoyin suna fuskantar arewa. A zatonsa wuta daga waje za ta zo, daga Turkawa da Jamusawa da shaihunnan Kufra, domin Yaƙin Duniya na Farko yana ci a lokacin. Babu gurbi a takardarsa don yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko haraji, ko raƙuman da ake ƙwacewa da sunan aikin gwamnati, alhali raƙumi shi ne gonar mutumin Abzin da rumbunsa. Finn Fuglestad ya ja hankali kan waɗannan dalilai na cikin gida tun 1973. Haka kuma ba a sa ido yadda ya kamata kan fadar da ke kusa da bariki ba, inda Sarkin Abzin Tagama, wanda Nasara suke ƙirgawa cikin nasu, ya riga ya ƙulla da Kawsan.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Marubucin ya faɗa tun a sunan littafin cewa kallon Faransawa yake bincike, don haka ba zan zarge shi da saɓa alkawari ba. Amma wanda ya karanta daga wannan gefe na hamada zai yi ta neman mutanen da suka ba wannan ido abin gani. Hafsan da ke zaune a Agadas ko Bilma bai taɓa taka Fezzan ba. Abin da ya rubuta ya fito ne daga bakin fatake, da madugan ayarin gishiri, da alhazan da suka biyo ta gabas, da bawan da ya gudo, da ɗan saƙon da aka biya. Maganar ta bi ta bakin tafinta, sau da yawa daga Tamashek zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Faransanci, kafin ta zama lamba a kan takarda. Kowane ɗayansu yana da abin da yake karewa. Falken da ke da kaya a Gat da iyali a Damargu ba zai faɗa wa kumandan abin da zai rufe masa hanya ba. Wanda ake biya gwargwadon nauyin labarinsa kuwa ya san yadda ake mai da mahaya hamsin su zama ɗari biyar. Ina zaton wasu shirun da ke cikin waɗannan rahotanni da gangan aka yi su, kuma su ma wani fanni ne na yaƙin.

Har littafin André Salifou na 1973, wanda da yawa cikinmu muka fara sanin Kawsan ta hanyarsa, sunansa Kaoussan ou la révolte sénoussiste. Ba na rage masa daraja. Shi ne ya dawo mana da wannan tarihi gida. Amma kalmar ƙarshe ta sunan gadon bariki ce. Kawsan ɗan Sanusiyya ne, makamansa ma ta hannunsu suka zo, wannan ba a musu. Mutanen da suka bi shi fa, nawa ne suka tashi don ɗarika, nawa don raƙumansu? Kiran abin duka da sunan Sanusiyya ya yi wa masu mulki daɗi, domin ya ɗauke laifi daga kansu ya aza wa baƙi.

Wannan karatu na kuskure bai tsaya a takarda ba. Da Mourin ya shiga Agadas, malaman garin na cikin waɗanda aka fara kashewa, saboda a idon wanda ya taso da hoton Duveyrier duk mai rawani da tasbaha ɗan sandan Kufra ne. Aka kwashe jama'ar Abzin zuwa kudu, aka cike rijiyoyi, aka kore dabbobi. An rataye Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920.

Ga malamin da zai kai ɗaya daga cikin waɗannan rahotanni aji, da akwai su a ma'ajiyar takardu ta Yamai da ta Dakar da ta Aix-en-Provence, shawarata ita ce ya sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin duk inda hafsan ya ce an gaya masa, ko wani falke ya ce, sannan su tambayi dattawan gidajensu ko kakanninsu na cikin masu bin ayarin Bilma a shekarun nan.