Haihuwa Ba Ta Tsare Ɗaki

Akan ce 'ya'ya su ne turken mace a gidan miji. Marubuta mata biyu na Nijeriya sun auna wannan magana, suka tarar ba ta cika mudu ba.

A cikin The Joys of Motherhood (1979), Buchi Emecheta ta kawo labarin Nnu Ego, 'yar ƙabilar Ibo, wadda mijinta na fari ya juya wa baya don ba ta haihu ba. Da ta sake aure a Legas, haihuwa ta zo. Ta ƙarar da ƙarfinta wajen ciyar da yara da karatunsu, amma ta mutu ita kaɗai a bakin hanya. Sai bayan ranta aka yi mata gagarumar jana'iza.

Balaraba Ramat Yakubu kuwa, a Alhaki Kuykuyo Ne (1990), ta nuna Rabi, uwar 'ya'ya tara a Kano, wadda Alhaji Abdu ya kora saboda amarya. Da sayar da abinci ta riƙe yaranta. Da gobara ta cinye dukiyarsa, aka matsa mata ta koma.

Mai karatu zai iya cewa komawar nan ta raunana littafin. Amma a nan ƙarfinsa yake, gama Balaraba ba ta ruɗe mu da nasarar ƙarya ba. Rabi ta isa ciyar da gida, amma ba a bar ta ta yanke shawara a kan rayuwarta ba. Littattafan biyu tambaya ɗaya suka bar wa magidanta: in an ɗebe haihuwa da hidima, wa yake ganin macen kanta?