Dodo da Maƙerinsa: Nazarin Littafin Frankenstein na Mary Shelley

Gabatarwa

Littafin Frankenstein yana cikin littattafan da sunansu ya riga karatunsu yawo a duniya. Mutum ya kan ji sunan tun bai taɓa ganin bangon littafin ba, kuma galibi in an ambace shi, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne wani ƙaton dodo mai ɗinki a goshi, wanda ba ya magana sai gurnani. A cikin wannan akwai kuskure iri biyu. Na farko, Frankenstein sunan ɗalibin da ya ƙera dodon ne. Shi dodon kuwa har littafin ya ƙare ba wanda ya raɗa masa suna. Na biyu, dodon da ke cikin littafin ba wanda ya fi shi fasahar harshe da iya kafa hujja. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa laifin da littafin ya fi ɗora wa Frankenstein shi ne gudun da ya yi ya bar abin da hannunsa ya haɗa, kuma daga wannan gudu ne dukkan muguntar da ke cikin labarin ta tsiro. Saboda rashin sunan nan, a nan za a riƙa kiran dodon Ƙerarre.

Asalin littafin

Irin labaran ban tsoro da Turawa ke kira Gotik sun soma ne a Ingila da littafin Horace Walpole, The Castle of Otranto, a shekarar 1764, sa'an nan Ann Radcliffe da Matthew Lewis suka ɗaukaka su. Kayan aikinsu sanannu ne: tsofaffin gidajen sarauta, da kangaye, da fatalwa, da asirin zuriya da aka binne. Mary Shelley ta gaji wannan gona, amma ta sake mata iri. Ta fid da fatalwa ta sa ɗalibin jami'a, ta fid da tsafi ta sa ilmin sinadarai da fiɗa. Zamaninta kuwa ya ba ta dalili. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya buga bayanin yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke motsi in lantarki ya ratsa ta, kuma a 1803 ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya gwada haka a Landan a kan gawar wani mutum da aka rataye.

An haifi Mary a Landan a 1797. Mahaifinta, William Godwin, masanin falsafa ne. Mahaifiyarta, Mary Wollstonecraft, marubuciya ce mai kare haƙƙin mata, ta kuwa rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarta. A 1815 ita ma Mary ta haifi 'ya bakwaini, ba ta yi mako biyu cikakku ba ta koma. A bazarar 1816 ta tafi bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan tare da mawaƙi Percy Shelley, inda suka yi maƙwabtaka da Lord Byron. Shekarar ta zo da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, saboda aman wuta da dutsen Tambora na Indunusiya ya yi a 1815, don haka suka yi ta zaman ɗaka, har Byron ya kawo shawara kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Mary tana da shekara 18 a lokacin. An buga littafinta a 1818 cikin juzu'i uku, ba tare da sunanta ba, sa'an nan ta sake gyara shi aka buga a 1831. Ba lalle ne a mai da littafi madubin rayuwar mai shi ba, amma abin lura ne cewa wadda ta tashi ba uwa, ta kuma binne 'yarta, ita ce ta rubuta labarin wanda ya zo duniya bai sami mai rungumarsa ba.

Daren da aka yi gudu

Fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce Victor Frankenstein ya yi shisshigi cikin abin da ba huruminsa ba, watau ba da rai, saboda haka ya gamu da sakamakonsa. Wannan fassara tana da madogara. Marubuciyar ta yi wa littafin laƙabi da sunan Prometheus, wanda a tatsuniyoyin Girkawa ya sato wuta ya ba mutane aka azabtar da shi, kuma a gabatarwar bugun 1831 ta nuna cewa kwaikwayon aikin Mahalicci abin firgita ne. Sai dai in an bi labarin daki-daki za a ga inda aka fi aza nauyi.

Victor ɗan gidan mutunci ne a Janeba, ya tashi cikin gata. Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya tafi jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus, ya shafe kusan shekara biyu yana tattaro gaɓoɓi daga makabarta da ɗakin fiɗa da mayanka. Ya zaɓi ya yi Ƙerarre mai tsawon ƙafa takwas, don kawai ƙananan gaɓoɓi za su rage masa sauri. Wannan 'yar magana ta isa shaida: tun kafin aikin ya kammala, maƙerin bai tsaya ya tambayi kansa yadda mai irin wannan jiki zai zauna cikin mutane ba. Yana mafarkin sabuwar zuriya da za ta riƙa sa masa albarka a matsayin uba, amma bai tanadar mata ko tsumma ba.

A wani dare na watan Nuwamba Ƙerarre ya buɗe ido. Bai taɓa kowa ba, bai yi barazana ba. Muninsa kaɗai Victor ya gani, ya fice daga ɗakin. Da ya farka daga barci ya tarar da shi tsaye a bakin gado, yana motsa baki, yana miƙo hannu, kamar yadda jinjiri ke yi. Victor ya ɗauki wannan a kan yunƙurin kama shi, ya ruga tsakar gida ya kwana a can. Washegari da ya koma ya tarar ɗakin ba kowa, sai ya yi ta tafi don murna. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas; Victor kuwa ya yar da nasa tun bai ruɓe ba.

Rashin sunan ma a nan ya samo asali. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya san cewa ranar suna ce a ke shigar da jariri cikin jama'a, uba ya amsa a gaban shaidu cewa nasa ne. Victor bai taɓa amsawa ba. Kalmomin da ya ke kiransa da su duka na zagi ne, irin su shaiɗan da la'ananne.

Tarbiyyar Ƙerarre

An gina littafin kamar albasa, ɓawo cikin ɓawo. A waje akwai wasiƙun Robert Walton, matuƙin jirgin ruwa mai neman ƙuryar arewacin duniya, zuwa ga 'yar'uwarsa a Ingila. A cikinsu akwai labarin Victor, wanda Walton ya tsinta a kan ƙanƙara. A can tsakiya kuma akwai labarin Ƙerarre da bakinsa, wanda ya ba Victor sa'ad da suka haɗu a duwatsun Chamonix. Wannan tsari yana da ma'ana. A tatsuniyar Hausa dodo ya kan yi magana, har ya yi waƙa, amma ba a tambayarsa yadda aka yi ya zama dodo. Haka ya ke tun fil'azal. Mary Shelley ta ba nata dodon zuciyar littafin don ya amsa wannan tambaya.

Ƙerarre ya fito duniya bai san komai ba. Ya koyi bambanta haske da duhu, ya sa hannu a wuta ya ƙone. Ƙauyen farko da ya shiga aka kore shi da jifa. Daga nan ya ɓuya a wata 'yar rumfa da ke jingine da gidan wani tsoho makaho, De Lacey, da 'ya'yansa Felix da Agatha, yana leƙensu ta wata kafa. Da ya gane talakawa ne sai ya daina satar abincinsu, ya koma yi musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Ta wannan kafa ya koyi magana da karatu, yayin da Felix ke koya wa baƙuwarsu Safie harshen Faransanci. Ya tsinci littattafai uku: Paradise Lost na Milton, da tarihin manyan mutane na Plutarch, da labarin Werther na Goethe. Da ya karanta Milton ya kwatanta kansa da Adamu, sai ya ga bambanci mai ciwo: an kula da Adamu, an yi masa magana, an ba shi abokiyar zama, shi kuwa ba ko ɗaya. A aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin Victor kuma ya sami takardun da maƙerinsa ya rubuta, ya karanta irin ƙyamar da aka yi masa tun yana kan tebur.

Wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a littafin shi ne ranar da ya shiga wajen tsohon yana shi kaɗai. Makahon ya saurare shi, ya ji gaskiya a muryarsa, ya yi alkawarin taimako. Sai masu ido suka dawo: Agatha ta suma, Safie ta gudu, Felix ya rufe shi da sanda. Mutum ɗaya tak ya yi masa adalci, shi ne wanda ba ya gani. Bayan haka ya ceci wata yarinya daga ruwa, aka saka masa da harbin bindiga. Sai a nan ya ƙulla gaba da 'yan Adam.

Laifin kowa a wuyansa

Ba daidai ba ne a wanke Ƙerarre, kuma littafin bai wanke shi ba. Ya shaƙe William, ƙanen Victor, yaro ƙarami. Abin da ya fi wannan muni, ya ɗauki hoton da ke wuyan yaron ya sa a tufafin Justine, yarinyar gidan, tana barci, da niyyar a kama ta. Wannan aikin mai hankali ne da ya san yadda shari'ar mutane ke tafiya. Amma a duba abin da Victor ya yi a wannan shari'a. Ya san wanda ya yi kisan, ya yi shiru don kada a ce ya haukace, aka kashe Justine a kan laifin da ba ta yi ba. Gudu na biyu ke nan.

Na uku ya faru a tsibiran Orkney, arewa da Sikotland. Ƙerarre ya roƙi a yi masa mace irinsa, ya yi alkawarin su tafi dazuzzukan Amurka ta Kudu ba a sake ganinsu. Victor ya yarda, ya soma aiki, sa'an nan ya yayyaga ta a kan idonsa. Dalilansa ba na banza ba ne: mai yiwuwa macen ta ƙi alkawarin da ba da ita aka yi ba, mai yiwuwa su hayayyafa. Abin takaici shi ne wannan tunanin ƙarshen al'amari, wanda ya kamata ya yi a Ingolstadt, sai yanzu ya zo masa, bayan bakin alƙalami ya bushe. Daga nan Ƙerarre ya kashe amininsa Clerval, ya kashe amaryarsa Elizabeth a daren aurensu, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa. Ya mai da maƙerinsa irinsa: ba aboki, ba mata, ba dangi. A ƙarshe su biyun suna bin juna a kan ƙanƙara, har mai karatu ya rasa wane ne mafarauci wane ne nama.

Victor ya mutu a jirgin Walton bai gane ba. Ya gargaɗi Walton a kan dogon buri, amma ya ce ya binciki abin da ya aikata bai ga abin zargi ba. Ƙerarre ne ya zo kan gawar yana kuka, yana la'antar kansa, ya ce zai je ya ƙona kansa. Wanda aka kira dodo shi ya yi nadama.

Kammalawa

Tun a 1823, da aka mai da labarin wasan kwaikwayo a Landan, aka ƙwace wa Ƙerarre harshe, kuma fim ɗin James Whale na 1931 ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwar mai laifi aka sa masa bisa kuskure. Wannan ya sauƙaƙa labarin, ya kuma rushe shi, domin in mugunta a ƙwaƙwalwa aka dasa ta, to, ba ruwan mai jifa da mai sanda. Littattafan da suka biyo sawu, kamar Dr Jekyll and Mr Hyde na Stevenson a 1886 da The Island of Doctor Moreau na Wells a 1896, sun ci gaba da batun masanin da aikinsa ya fi ƙarfinsa, amma ba wanda ya ba abin da aka ƙera dogon fili ya kai ƙarar maƙerinsa kamar yadda Mary Shelley ta yi.

Littafin yana da rauninsa. Ƙerarre ya koyi falsafa cikin lokaci kaɗan ta kafar bango, abubuwa sun cika faɗawa daidai bisa katari, kuma kusan kowa a ciki da murya ɗaya ya ke magana. Duk da haka tambayarsa ba ta tsufa ba, ta kuwa shafi uba da malami da mai mulki da masanin kimiyya baki ɗaya: wanda ya kawo abu duniya, ko ya raine shi ko ya gudu, haƙƙinsa yana wuyansa.