Girma da Balaga: Kiristan Arewa Tsakanin Littattafai Biyu

Kalmar "girma" a Hausa harshen damo gare ta. Yaro yana girma, gero yana girma, amma kuma girma abu ne da jama'a ke bai wa mutum, ko su hana shi. Duk mai son magana a kan yadda Kirista ke girma cikin bangaskiya a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso, dole ya yi karo da ma'anonin nan biyu. Akwai littattafai biyu na Turancin Ingilishi da malamai ke yawan komawa gare su a kan addini a kudancin Nijar, kuma ya dace a auna su da wannan ma'auni.

Na farko shi ne Evangelical Christians in the Muslim Sahel na Barbara Cooper, wanda ya fito a 2006. Marubuciyar ta bi sawun mishan ɗin SIM tun saukarsa Damagaram a 1924, zuwa Tsibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi (kada a haɗa shi da Tibirin Doso), har asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Ƙarfin littafin yana inda ya nuna cewa Turawan mishan sun himmatu ga koyar da karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma sun yi ta jan ƙafa wajen buɗe lakwal ta Faransanci, don tsoron kada ilimin duniya ya janye masu bi. Sakamakon haka, dattijo mai furfura, wanda ya san Sabon Alkawari ciki da waje, ya daɗe ana riƙonsa riƙon yaro. Wasiƙar Ibraniyawa ta kwatanta sabon mai bi da jariri mai shan nono, ta kwatanta wanda ya ƙware da mai cin abinci mai tauri. Matsalar ita ce, wa zai yanke lokacin yaye? Muddin mai shayarwa ne kaɗai ke da wannan iko, yaye kan yi nisa. Cooper ta kama wannan da kyau: gardamar balaga ta ruhu, a ƙarƙashinta, gardama ce a kan wanda zai riƙe ragamar ikilisiya.

Sai dai idon littafin yana kan Maraɗi ne, ko da yake SIM ta kafa tashoshi a Dogondutsi da Gesheme, Katolika ma sun zauna Dogondutsi tun shekarun 1940. Kuma hankalin masaniyar tarihi ya fi karkata ga hukumomi da rikici, irin harin da aka kai wa wata majami'a a Maraɗi a 2000. Abin da ke faruwa a zuciyar mai bi cikin shekara talatin na addu'a da haƙuri da dangi, kaɗan ne daga cikinsa ya shiga takarda.

Na biyu, Prayer Has Spoiled Everything na Adeline Masquelier (2001), a Dogondutsi aka yi bincikensa. Ya bayyana yadda ƴan bori suka ga duniyarsu tana ƙanƙancewa a gaban yaɗuwar Musulunci. Kirista ba shi ne abin nazarinsa ba, kuma ba laifi ba ne. Amma mai karatu zai fahimci abu guda daga gare shi: Ba'aren da ya karɓi bishara ya fito ne daga gidan da ake girmama iskoki, a ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Ga irin wannan mutum, an daɗe ana auna girma da abin da ya bari: ya bar tsafi, ya bar laya, ya daina zuwa wasan bori. Wannan ma'auni yana da saukin gani, amma na ranar farko ne. Wanda ya sare ƙaya a gona bai riga ya yi noma ba.

Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin da za su auna sauran tafiyar ba. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya tattara halayen "mutumin kirki", irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Wanda ya ajiye su kusa da halayen da Bulus ya lissafa wa Galatiyawa a matsayin amfanin Ruhu zai ga sun haɗu a wurare da dama, sun kuma rabu a wuri mai muhimmanci: mutunci a idon jama'a ake samunsa, Linjila kuwa tana yabon alherin da aka yi a ɓoye. Kiristar da ke zaune ita kaɗai cikin dangi Musulmi da Azna a wani ƙauyen Tibiri, wadda za ta je suna da biki da zaman makoki ba tare da ta musanta bangaskiyarta ko ta yanke zumunci ba, kullum tana warware wannan ƙulli. Babu ɗaya daga cikin littattafan biyu da ya zauna a tsakar gidanta, kuma da ya zauna ɗin ma, da Ingilishi zai ba da labarin, harshen da ita ba ta karantawa.