3.2 Dishi-dishin Bayan Hoto: Nazarin Hoton "Yarinyar Afganistan"

Kafin a shiga nazarin hoton, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da dishi-dishi a wannan sashe. Masu ɗaukar hoto suna kiransa boke, kalmar da aka aro daga Japananci, wadda ta bazu cikin Ingilishi bayan mujallar Photo Techniques ta yi rubuce-rubuce a kanta a shekarar 1997. Abin da ake aunawa shi ne kamannin sashen da kyamara ba ta saita ba, wato ko ya narke sumul, ko kuwa ya yi kaushi yana jan ido. Wannan ya danganta da ƙirar gilashin kyamara da siffar ƙofar da haske yake shiga. Idan ƙofar mai kusurwa shida ce, ɗigon hasken da ke nesa yakan fito da kusurwa shida. Gilashi mai madubi a ciki kuwa yakan mayar da shi zobe-zobe, abin da yawancin masu hoto ba sa so.

Steve McCurry ya ɗauki wannan hoto a shekarar 1984 a sansanin 'yan gudun hijira na Nasir Bagh da ke kusa da Peshawar a Pakistan, mujallar National Geographic kuma ta buga shi a bangonta na watan Yunin 1985. Idan aka dubi bayan yarinyar, za a ga kore ne mai taushi, babu wani abu da ido zai kama ya ce ga abu kaza. Saboda haka dole mai kallo ya dawo kan fuskar. Haka kuma koren ya dace da launin idanunta da na rigar da ke leƙowa ta yagewar jan mayafinta. Ta fuskar gwaninta, da wuya a sami abin kushewa a nan.

Sai dai wannan nazari yana ganin akwai abin da taushin ya ɓoye. An ɗauki hoton ne a cikin tantin da aka mayar makaranta, a lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suke yaƙi a Afganistan. Amma tantin da sauran ɗaliban duk ba sa cikin hoton, ɗan abin da ya rage na wurin ma ya narke ya zama launi kawai. In ban da yagaggen mayafin, babu wata alama ta gudun hijira. Sai mai kallo ya karanta rubutun mujallar kafin ya san inda take. Wato dishi-dishin da ya fito da idanunta shi ne ya raba ta da muhallinta. Ko sunanta ma, Sharbat Gula, duniya ba ta sani ba sai a shekarar 2002, lokacin da McCurry ya koma ya nemo ta.