Kornei Cukofski da Waƙoƙin Yara na Rasha: Ɗan Tsokaci

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin yara sun daɗe suna muhawara a kan waƙar da ta dace da yaro: wadda ke yi masa gargaɗi kai tsaye, ko wadda ke wasa da hankalinsa. Wannan takarda ta dubi matsayin Kornei Cukofski (1882-1969), ɗaya daga cikin fitattun marubuta waƙoƙin yara a Rasha, da wuyar da ya sha a kan matsayin, da kuma inda ya yi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haife shi a Fitasbag, babban birnin Rasha na wancan zamani, ya kuma tashi a Odesa a hannun mahaifiyarsa. Sunansa na asali Nikolai Korneicukof, daga nan ne ya yanko sunan alƙalaminsa. An kore shi daga makaranta bai gama ba, sai ya koya wa kansa Ingilishi, har wata jaridar Odesa ta tura shi Landan a 1903. Ya fara yin suna ne a fagen tarke da fassara, kafin ya fitar da Krokodil (Kada) a 1917. Daga baya Moidodir da Tarakanishe (1923) da Barmalei (1925) da Aibolit (1929) suka biyo.

3.0 Salo da Jigo

Cukofski ya ɗauki salonsa ne daga bakin yara. Ya shafe shekaru yana tattara maganganunsu, waɗanda ya yi sharhi a kansu a littafinsa mai suna Daga Shekara Biyu zuwa Biyar. A ciki ya gindaya wa mawaƙin yara ƙa'idoji: kowane baiti ya zama hoton da za a iya zanawa, aikatau ya fi sifa yawa, amsa-amo ya zo kusa da kusa, kuma kalmar da ke ɗauke da amsa-amon ta ɗauki nauyin ma'ana. Moidodir ta cika waɗannan sharuɗɗa. Kayan wani yaro ƙazami ne suka guje shi ɗaya bayan ɗaya, har sai da ya yi wanka. Darasin tsabta na nan, amma guje-gujen ne ke riƙe mai sauraro.

Babbar hujjarsa ta shafi waƙar juya duniya. A cikin Putanitsa (Ruɗani) dabbobi sun yi musayar kuka, aka cinna wa teku wuta, malam-buɗe-littafi ya kashe ta da fikafikansa. A ganinsa, yaron da ya yi dariya a nan ya nuna ya san ruwa ba ya cin wuta, wato shirmen yana ƙara tabbatar masa da abin da ya sani. Ɗalibin da ya saba da tatsuniyoyin Gizo ba zai yi mamakin wannan hujja ba.

4.0 Sukar Hukuma

Masu tsara ilimi a Tarayyar Sobiyat ba su yarda da shi ba, domin suna ganin dabba mai magana tana kawar da yaro daga zahiri. A 1928 Nadezda Kurufskaya, matar marigayi Lenin, ta soki Krokodil a jaridar Pravda. Marubuci Gorki ya kare shi, amma matsin bai sassauta ba, har a ƙarshen 1929 ya fito fili ya nesanta kansa da tatsuniyoyinsa. A 1931 kuma ƴarsa Mura, wadda ya tsara wa da yawa daga cikinsu, ta rasu. Daga nan waƙoƙinsa na yara suka yi ƙaranci. Sai a 1962 ya sami Lambar Lenin saboda nazarinsa a kan mawaƙi Nekrasof, Jami'ar Okisfod kuma ta ba shi digirin girmamawa.

5.0 Hoton Afirka

Akwai sukar da ta fi ta hukuma tushe. Barmalei ta buɗe ne da hana yara zuwa Afirka, ƙasar kadoji da wani ɗan fashi mai cin yara. A Aibolit kuwa likita ya tsallako daga nesa don ya warkar da dabbobin bakin kogin Limfofo, ba a ga mutanen wurin ba. Juya duniya yana aiki ne idan yaro ya riga ya san gaskiyar da aka juya. Yaron Mosko ya san ruwa, amma bai san Afirka ba, don haka babu abin da zai gwada ƙagen da shi. A nan ƙa'idar Cukofski ta kama shi da kansa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin Cukofski yana cikin sauraren harshen yara da girmama dariyarsu, kuma tarihi ya gaskata shi a kan masu sukarsa, tunda har yau ana karanta waƙoƙinsa a gidajen Rasha. Sai dai mai son bin sawunsa ya lura cewa wasa da abin da yaro bai sani ba yana iya dasa masa kuskuren da zai girma da shi.